Yadda ƙaramar tawaga za ta gina manhaja zango-zango ba tare da aikin ya kwanta ba

Matasa huɗu ko biyar da suka iya rubuta manhaja za su karɓi aiki daga wata ƙungiyar manoman shinkafa, a ce a yankin Haɗejiya ko Kura: ana so a daina rubuta bashin taki da iri a littafi, a mayar da shi cikin waya. Sai a ba su kafin alƙalami, su shige ɗaki wata huɗu, su fito da abin da ma'ajin ƙungiya zai juya sau biyu ya ce, "Malamai, ai mu ba haka muke lissafi ba." Lokacin kuɗi ya ƙare, damina ta kankama, kowa ya koma kan littafinsa.

Don maganin irin wannan asara ne mutum 17 masu sana'ar manhaja suka zauna a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka a watan Fabrairun 2001, suka fitar da matsayar da ake kira ajayil. Gundarinta shi ne a riƙa miƙa manhaja mai aiki kaɗan-kaɗan kuma akai-akai, mai ita yana gani yana gyara ku tun ba a yi nisa ba. Salon da aka fi bi shi ne Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, kuma shi za mu bi a nan. A cikinsa ana raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, tawaga kuma yawanci ba ta wuce mutum goma.

Da farko ku nemo mai wuƙa da nama

Kafin a rubuta layi ɗaya, ƙungiyar ta ware mutum ɗaya da zai riƙa cewa wannan ya fi wancan muhimmanci. Mutum ɗaya, ba kwamiti ba. Yawanci shugaba ake turo muku don girmamawa, amma wanda kuke buƙata shi ne wanda littafin yake hannunsa kullum, sakatare ko ma'aji. Ku roƙi shugaba ya faɗa da bakinsa a gaban mutane cewa ya wakilta wane. In ba a yi haka ba, ranar da kuka gama abin da ma'aji ya ce, Alhaji zai kira ku a waya da daddare ya kawo wani sabo, kuma ba wanda zai iya ce masa a'a. A cikinku kuma ku zaɓi mai kula da tsari, wanda zai riƙa tsare lokutan zama yana kawar da abin da ya tare hanya. Ba shugabanku ba ne, ba ya raba wa kowa aiki.

Sai jerin buƙatu

Ku zauna da mai wuƙa da naman, da littafinsa a buɗe a gabanku. Kowace buƙata a rubuta ta a ƙaramin kati ɗaya, da bakin wanda zai yi amfani da ita: wane ne, me yake so, don me. Misali: "A matsayina na ma'aji, ina so in ga manoman da ba su biya bashin taki ba a ƙauye ɗaya, don in san gidajen da zan bi ranar kasuwa." Shi ne zai jera katunan daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa. Kada ku wahalar da kanku wajen fayyace kati ɗari. Goma sha biyar na sama ku tsefe su sosai, sauran su zauna a dunƙule, domin rabinsu za su canza kafin a kai gare su.

Yanka aiki, inda mafi yawa suke faɗuwa

Sabbin shiga suna kwaikwayon tarurrukan Scrum duka, suna da allon jera katuna, suna gajeren taron safe a tsaye, amma sai su yanka aikin kamar masu ginin gida: wannan zangon za mu gina rumbun bayanai, na gaba mu yi shafin shiga da kalmar sirri, na uku mu zana fuskar manhaja. Mako shida sun wuce, ma'aji bai ga abin da zai taɓa da yatsansa ba. Wannan tsohon salon ne aka sa wa sabuwar riga. Kowane kati dole ya ratsa daga fuskar waya har zuwa rumbun bayanai, ya zama abin da mutum zai iya yin wani aiki da shi, komai ƙanƙantarsa.

A ɗauki "lissafin bashin taki". Wannan ba kati ba ne, aikin wata uku ne. Ga yadda ake sassaƙa shi. Katin farko: a rubuta sunan manomi, ƙauyensa da lambar wayarsa, a ajiye, a sake buɗewa a gan shi. Shi ke nan. Ba hoto, ba kalmar sirri, ba ado. Na biyu: a rubuta cewa manomi kaza ya karɓi buhun taki kaza ranar kaza. Na uku: a ga jimillar abin da ake bin mutum ɗaya. Na huɗu: a rubuta biya da kuɗi. Na biyar: a rubuta biya da shinkafa shanshera. Ku lura an raba biyan gida biyu, kuma da gangan ne. Ranar da kuka nuna na huɗu, ma'aji zai gaya muku abin da bai taɓa tunanin faɗa ba: wani yana biya rabi kuɗi rabi shinkafa, wani ɗansa ne yake kawowa, buhun wannan ƙauye da na wancan ba su ɗaukar kwano iri ɗaya, kuma farashin da za a lissafa shi ne na ranar da aka kawo, ba na ranar da aka ci bashi ba. Da kun gina duka a ɗaki, da sai kun rushe rumbun bayanan gaba ɗaya. Yanzu kuwa kati ɗaya za ku gyara.

Ma'aunin da ya fi sauƙi: duk katin da mutum ɗaya ko biyu ba za su gama cikin kwana uku ba, a sake yanka shi. Ana yankawa ta hanyar ɗaukar hali mafi sauƙi tukuna a bar masu wuya, ko ƙauye ɗaya kafin duka, ko irin taki ɗaya kafin sauran. In a cikin jimlar kati akwai "da kuma", galibi kati biyu ne aka haɗa.

Abu ɗaya da ba a jinkirta shi a karkara shi ne aiki ba tare da sabis ba. Masu koyo sukan sa shi a ƙarshen jeri, su ce za a ƙara daga baya. Ba ya ƙaruwa daga baya, sai da rusau. Tun katin farko, bayani ya fara zama a cikin wayar, in sabis ya dawo sai ya tafi rumbu. Kowane rubutu wayar ta ba shi lambarsa ta musamman tun lokacin da aka yi shi, don in wakilin ƙungiya ya danna "tura" sau uku saboda sabis yana rawa, kada buhu biyu su zama shida a kan bawan Allah. Kuma kada ku dogara da suna wajen bambance mutane. A ƙauye ɗaya za ku sami mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma gida guda yana iya amfani da waya ɗaya. Ku ba kowane manomi lambar rajista, ku bar gurbin laƙabi, domin da shi aka san shi.

Me ake nufi da "an gama"?

Ku rubuta shi a takarda ku manna a bango, don "saura kaɗan" ita ce kalmar da ke cinye zango. Kati bai gamu ba sai wani ɗan tawaga daban ya karanta abin da aka rubuta, an haɗe shi da babban aikin a GitHub (shafin intanet da masu manhaja ke tara aikinsu wuri ɗaya), an gwada shi a ƙaramar wayar Android mai ƙarancin ma'adana irin ta wakilan ƙungiya, an kashe data an gwada, kuma rubutun Hausar ya fito da ƙ da ɗ da ɓ daidai, binciken suna ma yana gano "Ɗanladi" ko da an rubuta "Danladi". Gwaji a kwamfutarku ko a babbar wayarku ba gwaji ba ne. Ku sayi tsohuwar waya ɗaya ta hannu don wannan kawai.

Tsara zango

Mako biyu ya fi dacewa. Wata ɗaya ya yi tsawo ga masu koyo, mako ɗaya kuma tarurruka za su cinye shi. Ƙa'idar Scrum ta ba zaman tsarawa iyakar awa takwas ga zangon wata ɗaya, don haka naku kada ya wuce huɗu, kuma biyu ma sukan isa. Ku fara da jimla ɗaya da ke faɗin burin zangon, misali: ma'aji ya iya rubuta rabon taki na ƙauye ɗaya. Sannan ku ƙirga kwanakin da kuke da su da gaske. Juma'a rabin yini ce. In abokan aikinku 'yan kasuwar Maigatari ne, ranar Alhamis ba za ku same su ba. Wanda zai je gona ko ɗaurin aure ya faɗa tun yanzu. Da azumi da lokacin girbi ku rage abin da kuke ɗauka, ba tare da jin kunya ba.

Wajen kimanta nauyin kati ana amfani da lambobi 1, 2, 3, 5, 8, 13, kowa ya ɗaga tasa a lokaci guda don kada ƙarami ya bi bakin babba. In ɗaya ya ce 2 wani ya ce 8, ku tsaya ku ji dalili, nan ne ake gano abin da aka manta. Abin da ya kai 8 a mayar da shi a yanka. Bayan zango uku za ku san adadin da kuke iya gamawa, kuma da shi za ku riƙa yi wa ƙungiya alƙawari, ba da zumuɗi ba.

Allo kuwa, katako ko bango da alli ya wadatar: layi huɗu, "jira", "ana yi", "gwaji", "an gama". Trello na kyauta, wato irin wannan allon a intanet, yana da amfani in wani yana Dutse wani yana Kano, amma in kuna ɗaki ɗaya kada ku ƙona data a kai, kuma kada ku taɓa Jira, wata manhajar bin aiki da ta fi shi sarƙaƙiya, a shekararku ta farko. A layin "ana yi" kada katuna su wuce yawan mutanenku. In ya cika, wanda hannunsa ya sake ya je ya taya gwaji, ba ya ɗauko sabo ba. Wannan dabarar daga Kanban take, wata hanyar tsara aiki da katuna wadda ta samo asali daga masana'antar Toyota a Japan.

Kowace safiya a tsaya minti 15 a gaban allo, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. A bi katunan daga na kusa da gamawa, a ce me ya tare wannan. Gaisuwa da hirar ƙwallo a yi su kafin a fara. Wanda yake nesa ya turo saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp kafin lokacin. In sabuwar buƙata ta faɗo a tsakiyar zango, a rubuta mata kati a ce, "Ranka ya daɗe, mun rubuta, za ta shiga zango na gaba in ma'aji ya sa ta a sama."

Ranar ƙarshe ku hau babur ku je inda ƙungiyar take. Ku miƙa wa ma'aji wayar ya yi aikin da hannunsa, ku yi shiru kuna kallon inda yatsansa yake tsayawa, kada ku karɓe ku nuna masa. Abin da bai gamu ba kada a nuna shi, ya koma jeri. Bayan kun dawo ku zauna ku kaɗai na awa ɗaya, ƙaramin cikinku ya fara magana, ku fitar da gyara ɗaya tak da za ku yi a zango na gaba, ku rubuta shi a kati ku sa a allo tare da sauran. Kuɗin aiki ma ku nemi a riƙa biya duk bayan zango biyu, gwargwadon katunan da ma'aji ya karɓa da hannunsa.