Yadda ake kankare layin zubi a jikin 'yan mutum-mutumin ƙarfe kafin fenti

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukunyar alminiyom a nan Katsina ya san abin da nake nufi, in an buɗe mazubin za ka ga wani siririn layi ya fito daidai inda ɓari biyun suka haɗu. To haka yake a 'yan sojojin nan da dawakan ƙarfe na wasa, irin masu tsawon milimita 28. A mazubin roba mai ɓari biyu ake zuba narkakken ƙarfen ana juya shi da inji, shi ya sa babu wanda ke fitowa ba layi. Wahalar ita ce ƙarfen yana sheƙi, layin sai ya ɓuya, sai ka gama fenti tsaf sannan ya bayyana a fuskar sojan kamar an yi masa tsaga. Wallahi na sha wannan takaicin.

Ka fara da nemansa, nan ne rabin aikin. Kada ka duba a ƙarƙashin ƙwan ɗaki. Kunna tocilar waya ka haska ta gefe kana juya abin a hankali, layin zai yi inuwa. Inda ido ya gaza sa farce, za ka ji yana karta. In ka same shi a kafaɗa to bi shi kawai, zagaye yake yi, ya hau kai ya sauko ta ɗaya kafaɗar ya bi hannu har tsakanin ƙafafu, kuma tsakanin ƙafafun nan da hammata su ne kowa ke mantawa.

Sai kankara. Wuƙa mai siririn baki, amma ba yanka za ka yi ba malam, ka tsayar da bakin a kan layin ka riƙa ja sannu-sannu kamar mai kankare ƙanzo, wasu ma da bayan wuƙar suke yi. Ƙarfen nan yawancinsa kuza ne, yana da laushi, ka danna da ƙarfi ka tafi da hancin soja gaba ɗaya. Wuri mai faɗi kamar garkuwa ko cinyar doki ƙaramin magagari ya fi, sannan ka bi da samfefa mai laushi, lamba 600 ta isa. Gashi da sulke kuwa tsinin wuƙa kaɗai, ka bi tsagin ɗaya bayan ɗaya, akwai cin rai amma magagari shafe zanen yake yi.

In tsofaffi ne na kafin shekarun 1990 akwai yiwuwar da dalma a ciki, kada ka hura garin ƙarfen da ka kankare da baki, goge da jiƙaƙƙen tsumma ka wanke hannu, yara kuma su matsa.

Daga nan wanka da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, saboda hodar da ake barbaɗa wa mazubi tana hana fenti kamawa. Ka rufe shi ya bushe in lokacin hunturu ne, ka san ƙurar garin nan. Shafa firama, wato fentin farko da ake sa wa kafin ainihin fenti, mai ruwan toka siriri, ka sake haskawa ta gefe. Ni dai kusan kullum sai na tarar da saura a bayan kunne ko ƙasan takobi, in kankare in ɗiga firama a wajen.