Kurakuran da ke sa takardar sakandare ta ƙi yi wa ɗalibi amfani

Duk shekara, da zarar sakamakon WAEC da na NECO ya fito, iyaye sukan cika ofishin malamin da ke kula da jarrabawa da tambaya iri ɗaya: yaro ya ci darussa bakwai ko takwas, amma jami'a ko kwalejin koyon aikin jinya ta ce bai cika sharaɗi ba, to ina matsalar take? Na daɗe ina wannan aiki a makarantar gwamnati, kuma abin da ya ishe ni shi ne, kusan duk amsar da nake bayarwa ta shafi abin da ya faru tun yaro yana aji huɗu, wato SS1, lokacin da babu wanda ya waiwaye shi. Mutanenmu sun ɗauka cewa idan yaro ya yi kandi, an yi walima, shugaban makaranta ya sa hannu a takardar shaidar kammalawa, to an gama. Wannan takarda shaida ce kawai cewa ya zauna a makarantar kuma an san halinsa. Abin da manyan makarantu ke nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin da ake so, Turanci a ciki, da Lissafi ga duk mai nufin kimiyya, injiniya, fannin lafiya ko kasuwanci, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba sa shiga lissafin biyar ɗin.

Kuskuren da ya fi kowanne cin shekarun yara shi ne zaɓen darussa ba tare da duba inda za su kai mutum ba. Bayan jarrabawar aji uku ta BECE ana raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya, na adabi da na kasuwanci, kuma a makarantu da yawa rabon yakan biyo makin yaro ne, ko yawan kujerun aji, ko kuma inda abokansa suka nufa. Daga nan sai a ɗauka cewa duk wanda ke ajin kimiyya yana kan hanyar zama likita. Ba haka ba ne. Likitanci, haɗa magunguna da aikin jinya suna buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma ga likitanci jami'o'i da yawa ba sa karɓar waɗannan sai a zama ɗaya. Injiniya ba ya yiwuwa ba tare da Fiziks da Kemistiri da Lissafi ba. Mai son karanta lauya yana buƙatar Adabin Turanci, darasin da yaranmu na ɓangaren adabi suka fi gudu saboda yawan littattafan da ake karantawa, sai su maye gurbinsa da wanda suke ganin ya fi sauƙi, su kuma gane asarar bayan shekara uku.

Abin da ya fi ƙona mini rai a nan shi ne makarantun da ba su da malamin Fiziks. Maimakon a faɗa wa iyaye gaskiya tun a SS1, sai a ci gaba da kiran ajin da sunan kimiyya, a cike gurbin da Aikin Gona ko Labarin Ƙasa, a yi wa yara rajistar darussa tara cif, kowa ya koma gida da murna. Wannan ya faru da 'yar yayata, wadda ni na ɗauki nauyin karatunta a wata makarantar 'yan mata da ke nesa da ni. Ta fito da kiredit takwas, har da B a Bayoloji, muka sayi fom ɗin kwalejin aikin jinya, sai a wurin tantance takardu aka ce babu Fiziks a takardarta. Ba ta faɗi darasin ba. Ba a taɓa koya mata shi ba. Dole ta koma gida ta fara shi daga tushe wajen malamin da nake biya, ta zauna jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, inda ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje, sai dai a amsa tambayoyin firaktikal a kan takarda, alhali ba ta taɓa riƙe kayan awon da ake tambaya a kansu ba. Kafin ta haɗa takardun biyu sa'o'inta sun yi nisa a kwaleji, kuma dangi sun fara cewa karatun ya isa haka. Ina ganin shugaban makarantar da ya san ba shi da malamin Fiziks, ya kuma yi shiru, ya ci amanar iyaye, duk da na san ba shi ke ɗaukar malamai aiki ba. Faɗin gaskiya ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Abin da nake yi yanzu, kuma ban ce kowane malami ya yarda da shi ba, shi ne a makon farko na SS1 nakan sa kowane ɗalibi ya rubuta kwas uku da yake sha'awa, sannan mu buɗe kundin hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, da ke bayyana sharuɗɗan kowane kwas a kowace jami'a, ya kwafe sharuɗɗan da hannunsa a bangon littafinsa, ya kai wa mahaifinsa ya gani. Wasu abokan aikina suna cewa yaro ɗan shekara goma sha biyar bai san abin da yake so ba. Gaskiya ne, shi ya sa nake cewa uku, kuma shi ya sa nake hana ɗan kimiyya ya ajiye ko ɗaya daga cikin Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, ko da ya rantse cewa injiniya kawai yake so. WAEC tana ba da damar darussa takwas zuwa tara, don haka akwai wuri. Idan kuwa makaranta ba ta koyar da darasin da ake buƙata, a canza makarantar tun a SS1. A jihar Kano, alal misali, akwai makarantun kimiyya na musamman irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka kafa tun 1977, kuma ana shigarsu ta jarrabawa bayan aji uku. Iyaye da yawa ba sa jin labarin jarrabawar sai an gama ta.

Kuskure na biyu ba shi da alaƙa da ƙwaƙwalwar yaro ko kaɗan, amma na ga ya tsayar da masu A1. Shi ne sakaci da suna da ranar haihuwa. Mu Hausawa muna da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da na kaka, da na gari, kuma kowane magatakarda yana rubuta su yadda ya ga dama. Yaro ɗaya sai ka same shi Muhammad a takardar firamare, Mohammed a WAEC, Muh'd a rajistar makaranta, sannan a katin ɗan ƙasa an ƙara sunan garinsu a ƙarshe. Tun daga 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma bayanan da ke kan lambar su take ɗauka kai tsaye, don haka duk bambancin da ke tsakaninsu da takardar sakandare zai fito fili ranar tantancewa, ko kuma, mafi muni, bayan an gama jami'a za a tafi bautar ƙasa, inda shekarun haihuwa ke yanke hukuncin wanda zai tafi da wanda ya haura talatin.

Na sha wannan wahala a kan ƙanena, kuma har yau idan na tuna raina yakan ɓaci. An aika mai shagon intanet ya shigar da sunayen ajinsu gaba ɗaya, ya juya sunan yaron da na mahaifinmu, ya kuma ba shi ranar haihuwar 1 ga Janairu saboda ba a cike gurbin ba a fom. Da aka kawo takardar dubawa mai ɗauke da hoton kowane ɗalibi, yaron ya kalli hotonsa, ya ga ya yi kyau, ya sa hannu. Abin da ya biyo baya shi ne rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, da wasiƙar shugaban makaranta, da zirga-zirga zuwa ofis-ofis, kowanne yana tura ni wani, ga kuɗin mota da na fom. Ku iyaye, don Allah me ya fi wannan sauƙi? Kuna iya kwana kuna cinikin ragon suna, amma minti biyar na karanta sunan da aka yanka ragon dominsa harafi bayan harafi ya gagare ku. Ni dai ƙa'idata ita ce, kafin rajistar SS3 kowane ɗalibi ya kawo takardar NIN da ta haihuwa, mu daidaita su tukuna, kuma ba na karɓar sa hannun yaro shi kaɗai a takardar dubawa. Sai babba daga gidansu ya zo ya karanta da bakinsa. Gyara kafin a tura sunaye kyauta ne, bayan an buga takardar shaida kuwa, musamman a ranar haihuwa, da wuya a samu.

Sai Turanci, wanda ke kayar da mafi yawan waɗanda suka faɗi sharaɗin kiredit biyar a makarantunmu. Kuskuren a nan shi ne haddace wasiƙa ko insha'i guda a shiga da shi, ana fatan tambayar za ta yi kama da shi. Insha'in WAEC kalmomi kusan 450 ake nema, makinsa 50, kuma an raba shi huɗu: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga tsabtar rubutu, inda ake cire rabin maki a kan kowane kuskuren nahawu, harafi ko alamar tsayawa. Ma'ana kuskure ashirin ya cinye goman nan duka, kuma yawancin yaranmu sukan kai ashirin kafin ƙarshen shafin farko. A sashen taƙaitawa kuma sukan kwafo jimlolin nassin yadda suke, ko su rubuta guntun magana inda aka ce cikakkiyar jimla, makin ya zube. Maganin da na sani shi ne rubutu kowane mako tun daga SS1, malami ya ja jan biro, ɗalibi ya sake rubutawa da gyaran. Ina kuma sa su karanta rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa a shafinta, domin a ciki masu makin da kansu ke lissafa inda ɗalibai suka yi tuntuɓe a kowace tambaya.

Akwai masu raina gwajin aji na SS1 da SS2, suna cewa sai shekarar ƙarshe za a dage, alhali makaranta tana tura waɗannan makin ga hukumar jarrabawa, kuma wanda ya yi tsalle zuwa wata makaranta a SS3 yakan tarar babu tarihinsa a can. A jihohin da gwamnati ke biyan kuɗin jarrabawa ga waɗanda suka ci jarrabawar tantancewa ta kwalifayin, kamar Kano, wannan jarrabawa da ake yi a SS2 ita ce ke raba wanda za a biya wa da wanda mahaifinsa zai nemo kuɗi, don haka wasa da ita wasa ne da aljihun gida. Ko an ci ma, ina ba iyaye shawara su yi tanadi, domin an sha riƙe sakamakon ɗaliban jihohi saboda bashin da hukumomin jarrabawa ke bin gwamnatocinsu.

Game da cibiyoyin da ake kira mirakul santa, inda ake biyan kuɗi a rubuta amsa a allo, ba zan tsawaita ba: hukuma takan riƙe ko ta soke sakamakon cibiya gaba ɗaya, satar jarrabawa laifi ne a dokar 1999, kuma wanda ya tsira da A1 na saye zai zauna gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai, da tambayoyi 180 cikin awa biyu. Darasin Hausa ma ana faɗuwa a cikinsa, saboda yara suna ɗauka iya magana ya wadatar, ba sa karanta littattafan adabin da aka sa, ba su kuma san ƙa'idojin rubutu ba. Kiredit ne mai sauƙin samu da ake zubarwa a banza. Ɗan kimiyya kada ya yarda ranar jarrabawa ta zama ranar farko da zai ga bututun awon asid. Idan ɗakin gwaje-gwajen makarantarsa a rufe yake, malamai su nemi alfarmar makaranta maƙwabciya ranar Asabar.

A rajistar JAMB, darussa huɗu ake zaɓa, Turanci dole, sauran ukun kuma kwas ne ke tsara su, don haka mai son likitanci da ya sa Lissafi a gurbin Bayoloji ya fita daga layi ko da ya ci maki 300 cikin 400. Kada a bar mai shagon intanet ya zaɓa wa yaro, kuma kada a yi rajista da layin wayar wani. Wanda ya yi JAMB yana jiran sakamakon sakandare, da zarar ya fito ya je cibiyar da hukumar ta amince da ita a ɗora shi a shafinsa, domin tsarin CAPS, wanda ake ba da gurbin karatu ta cikinsa tun 2017, ba ya duba ɗalibin da babu sakamakonsa a ciki, kuma idan gurbin ya fito sai ɗalibin ya shiga da kansa ya danna amincewa kafin a buga masa takardar shiga.