Yadda za ku ware ranar kayan zaƙi a unguwarku

Ran 7 ga Yuli ne, ana yayyafi a Garwa, 'yata ta miƙo mini waya ta ce, "Inna, yau fa ranar cakulan ce ta duniya, sai a saya mana Mambo." Na ce wa ya sa ranar? Ta ce duniya. Na ce duniya tana da ofis ne? Ta yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ba ta bar ni ba.

Irin waɗannan ranaku yawancinsu babu hukumar da ta kafa su. Ba a rufe makaranta dominsu yadda ake yi ran 20 ga Mayu, ranar ƙasa ta Kamaru, ba a maci. Wani ne kawai ya fara, mutane suka bi. A Amurka Juma'ar farko ta watan Yuni ita ce ranar donat, fanken nan nasu mai rami a tsakiya. Ƙungiyar agaji ta Salvation Army ce ta fara ta a Chicago a 1938, don tara wa matalauta kuɗi da kuma tunawa da matan da suka riƙa soya wa sojoji shi a Faransa a 1917, lokacin yaƙin duniya na farko. Ranar Nutella kuwa, cakulan nan da ake shafawa a burodi, 5 ga Fabrairu, mace ɗaya ce ta ƙirƙiro ta a 2007, wata Ba'amurkiya mai suna Sara Rosso da ke zaune a Italiya. A 2013 lauyoyin kamfanin suka aika mata takarda cewa ta daina, da mutane suka yi ca sai kamfanin ya janye, a 2015 ranar ta koma hannunsa. A Japan kamfanin Glico ne da kansa ya zaɓi 11 ga Nuwamba tun 1999, wai don biskit ɗinsa Pocky siriri ne kamar lamba ɗaya, ga kuma 11/11.

To idan mace ɗaya ta iya, me zai hana gidaje goma? Mu da maƙwabta mun yi sau uku yanzu, a tsakar gidan da ya fi faɗi a layinmu. Ga yadda ake yi, har da inda muka yi tuntuɓe.

Mataki na 1: Ku zaɓi rana da idon mutumin arewa

Kada ku kwafi kalandar Turawa. Karon farko mun sa tamu a Afrilu, don kawai a lokacin ne zancen ya taso. Wanda ya san Garwa a Afrilu ya san abin da ya faru. Zafi ya haura digiri 40, cakulan da muka sayo ya zama kunu a cikin takardarsa tun kafin azahar, alawar gyaɗa ta yi laushi tana manne wa yara a yatsu, ƙuda kuma ya samu biki. Damina ma ba ta fi ba, don sukari yana jan danshi, kantu ya yi kwana ɗaya sai ya saki jiki.

Sanyi ne lokacinta, tsakanin Disamba da farkon Fabrairu. Riɗi da gyaɗa sabbi ne a kasuwa, iska a bushe take, abin da aka yi da sukari yana ƙamewa da kyau. Sai dai ku duba watan Musulunci kafin ku tsayar, domin azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma yana iya faɗowa cikin sanyi. Ku kauce wa makon 11 ga Fabrairu, yara duk suna can wajen shirin bikin matasa. Ku ce "Asabar ta kaza a wata kaza" maimakon ku kama lamba ɗaya, yadda masu donat suka yi, don kada wata shekara ta faɗo muku a ranar makaranta.

Mataki na 2: Ku sanar da manya, ku kula da sunan

Ku je wajen jauro, wato mai unguwa, da limamin unguwa tun da wuri. Ba izini mai takarda ake nema ba, girmamawa ce. Kuma kada kowa ya kira ta salla ko idi, ko da wasa. Idinmu biyu ne, an san su. Wannan zama ne na ci da hira. Da mai gidana ya faɗa wa liman haka, cewa ya yi, "Allah ya sa albarka, a dai aiko mini da nakiya."

Mataki na 3: Ku ware abu biyar ko shida, kowanne da mai yinsa da mai ba da labarinsa

Nan ne aikin yake, nan ne kuma daɗin. Tire cike da alawa kowace suna ana ganinsa. Abin da ya bambanta wannan rana shi ne yaro ya tashi ya san daga ina abin da ke bakinsa ya fito.

Ku fara da kalmomin kansu, don su ba sa ɓoye asalinsu. Alawa daga Larabci take, halawa, wato zaƙi. Alkaki shi ne al-ka'ak. A Masar har gobe ka'ak ne abin ƙaramar Salla, a Kusuri da Njamena ma za ku ji ana cewa kak. Amma na Masar gasawa ake yi, namu kuwa alkama ce ake kwaɓawa a bar ta ta yi tsami, a murɗa, a soya, a tsoma cikin zuma ko narkakken sukari. Suna ya biyo hanyar fatake, hannun matan Hausa ya mai da shi wani abu dabam, har ya zama ba a kai gara ba shi.

Sukari ma ɗan tafiya ne. An fara noman rake a tsibirin Niyu Gini, mutanen Indiya ne suka gano yadda ake daskarar da ruwansa ya zama ƙwaya, suka kira shi sharkara. Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar, mu muka ce sukari. Wanda muke saya a buhu yau daga Mbandjock da Nkoteng yake zuwa, gonakin kamfanin Sosucam, na Cadi kuma daga Banda kusa da Sarh. Ku nemo curin mazarƙwaila ku ajiye kusa da farin sukari, yara su ɗanɗana duka biyu. Yawancinsu ba su san rake ɗaya ne ya haife su ba.

Sai 'yan baya-bayan nan. Tuwon madara da gullisuwa da iloka, duk yadda muke jin su namu ne, ba su girmi madarar gwangwani da ta gari ba. Wani Ba'amurke, Gail Borden, shi ya samu takardar mallakar hanyar kaurara madara a 1856, don ta daɗe ba ta lalace ba a zamanin da babu firji. Goggona ta musa wannan sosai. Na ce, "Goggo, a ƙuruciyarku da me kuke yin gullisuwa?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ai mu nakiya muka sani da ɗanwake." Ban ce mata ɗanwake ba kayan zaƙi ba ne.

Nakiya da dubulan da gireba, labarinsu yana bakin tsofaffi. Ku zaunar da mafi tsufa a layin ta faɗi yadda aka yi na aurenta: shinkafa mudu nawa aka daka, wa ya kawo man shanu, zumar ta Ngaundal ce ko ta Maiganga, wata nawa nakiyar ta yi a kwalla ba ta canza ba. A wurina wannan ya fi duk labarin Turawa armashi, kuma shi ne wanda idan ba a ji shi yanzu ba zai tafi.

Cakulan ku ba shi nasa wuri, tunda shi ya jawo zancen. Koko ɗan nahiyar Amurka ne. Mayawa da Aztek na yankin Meziko sha suke yi, da ɗacinsa, har da barkono a ciki, ƙwayarsa kuma kuɗi ce a kasuwanninsu kamar yadda wuri yake a namu. Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, aka zuba masa sukari, amma ya ci gaba da zama abin sha na masu hali. A 1828 gidan Van Houten a Holan suka fito da injin matse man koko daga garinsa. A 1847 kamfanin Fry na Bristol a Ingila ya yi cakulan na farko da ake gutsura a ci. A 1875 Daniel Peter a Siwizalan ya haɗa shi da madara, irin ta maƙwabcinsa Nestlé. Nutella ma talauci ne ya haife ta: bayan yaƙin duniya na biyu koko ya yi tsada a Italiya, sai Pietro Ferrero na garin Alba ya cika shi da wata 'yar ƙwaya mai kama da gyaɗa da suke da ita da yawa, a 1946. Sunan Nutella sai a 1964 ya zo. Koko kuwa tun zamanin Jamus ake noma shi a kudancin Kamaru, daga can yake zuwa Duwala, inda kamfanin Chococam yake yin cakulan Mambo, da kuma Tartina da yaranmu ke shafawa a burodi.

Akwai wasa ɗaya da yara suka fi so. Ku tattaro takardun minti da cingam daga butik, ku ce su nemo inda aka rubuta E414. Wannan lambar ƙaro ce, ƙaron dakwara da danginta, wanda Cadi take cikin manyan masu fitar da shi bayan Sudan. Shi ke riƙe alawar kanti kada sukarinta ya yi tsaki-tsaki. Ƙaron da almajiri ke sa wa a tawada ya je Turai ya dawo a cikin leda mai ƙyalli.

Gargaɗi ɗaya: kada a ƙara gishiri. Za ku ga ana yaɗa cewa ran 7 ga Yuli na 1550 ne cakulan ya shiga Turai. Zance ne da ake maimaitawa ba tare da wata takarda ba, ku bar shi inda kuka gan shi.

Mataki na 4: Kuɗi

Karo-karo. Mu jaka ɗaya ta sefa kowane gida ke bayarwa, wanda ba shi da hali ya kawo itace ko gyaɗa. Mace ɗaya ta riƙe kuɗin, wata ta rubuta. Masu sana'ar alawa a unguwar ku bar su su kafa tirensu a ƙofar gida su sayar, abin cikin gida kuwa kyauta ne.

Mataki na 5: Ku yi abu ɗaya a gaban yara

Sauran a yi su tun jajibiri. Ɗaya kawai za a yi a idon jama'a, kuma kantun riɗi ya fi dacewa, don ba ya kai rabin awa.

Ku auni riɗi kofi 2, sukari kofi 1, ruwa cokali 3, da rabin lemun tsami. Riɗin a rege shi tun jiya a shanya, don tsakuwa ɗaya tana iya ɓata wa mutum ranarsa. A soya shi a busasshen kasko da ƙaramar wuta, ana juyawa ba tsayawa, har ya fara tsalle yana ƙara, ƙamshi ya tashi. A juye shi nan take, in an bar shi a kaskon zai ci gaba da ƙonewa ya yi ɗaci. Kafin a taɓa sukari a shafa wa tire mai, a shafa wa kwalba, a ajiye wuƙa kusa, domin in sukari ya nuna ba ya jiran kowa.

A zuba sukari da ruwa da lemun a tukunya. Lemun shi ke hana shi komawa gari. Da ya narke a daina juyawa, a zuba masa ido. Zai yi kumfa manya, kumfar ta ƙanƙance, launinsa ya koma na zuma. A ɗiga ɗigo ɗaya a kofin ruwan sanyi: in ya dunƙule yana lanƙwasa, da saura, in ya ƙame ya karye ƙas tsakanin yatsu, ya yi. A sauke, a juye riɗin gaba ɗaya, a gauraya da sauri, a zuba a tire, a murza da kwalba ya yi kaurin ɗan yatsa ƙarami. A yanka da ɗuminsa. Wanda ya tsaya gaisawa da baƙuwa a wannan gaɓar, da taɓarya zai fasa kantunsa.

Ku ja layi a ƙasa da gawayi, kada yaro ya tsallake. Narkakken sukari a wannan matakin yana kai wa digiri 150, ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa, kuma manne wa fata yake yi. Bokitin ruwan sanyi ya kasance a kusa.

Mataki na 6: Zaman kansa

Bayan la'asar ya fi. A shimfiɗa tabarmi, kowane tire da ɗan kwali a gabansa an rubuta sunan abin da inda ya fito, da boko ko da ajami. Mai labari ya yi minti biyu ko uku, sannan a raba. In aka raba tukuna, babu mai saurare, mun gwada. Yanka ya zama ƙanana, don abu shida ne. Masu ciwon sukari a dama musu shayi babu sukari, a kawo gyaɗa soyayya, kada a matsa musu da "ɗan taɓa mana, Alhaji". Dabinon Faya ta Cadi ma a sa shi a tire, amma su san shi ma zaƙi ne. Kafin a watse kowane yaro ya kurkure baki, iyaye su bi da asuwaki da dare.

Mataki na 7: Ku rubuta don baɗi

A daren, kafin a manta, mai littafi ta rubuta abin da ya ƙare da wuri, abin da ya yi saura, da wanda ya yi alkawarin kawo wani abu baɗi. Abin da tsofaffi suka faɗa a ɗauke shi a waya, in sun yarda. Tukunyar kantu kuwa kada a kankare ta, a zuba ruwa a mayar kan wuta, sukarin zai narke da kansa. A share tsakar gida tas a daren, ba da safe ba. Shekarar da muka bar shara sai gobe, kiyashi ya riga mu tashi, har cikin ɗakin Goggo.