Yadda Za Ka Sayi Waya Sakan a Katsina Ba Ka Kwana Ciki Ba

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwar waya a kwali ta fi ƙarfin mutane da yawa, sai aka koma kan sakan. Iri biyu ne a shagunan 'yan waya na Katsina. Akwai wadda ake kira Landan yus, wadda ake shigo da ita daga waje, yawanci ta biyo ta Computer Village a Ikeja ko kasuwar Farm Centre ta Kano kafin ta iso nan. Akwai kuma wadda wani ya riƙe a cikin gari ya kawo ya sayar ko ya yi musaya da ciko. A cikin kowanne ana samun waya mai kyau ƙwarai, ana kuma samun wadda za ta sa ka yi ta zarya wajen mai gyara, ko ma ofishin 'yan sanda.

Ana yi mana kirari da cewa kunya gare mu ba dai tsoro ba, kuma gaskiya ne. Amma kunyar nan ce ke sa mutum ya tsaya gaban mai shago, ya jujjuya waya, ya ɗauki hoto ɗaya, ya ji nauyin ya ce a goge ta a gabansa, ya biya ya tafi. Binciken da zan zayyana ba ya wuce minti 30 zuwa 40, kuma ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushinsa.

Kafin ka bar gida

Ka tafi da layinka da data a ciki, da cajarka, da fawa banki idan kana da shi. Ka je da rana tsaka, ba dab da magariba ba lokacin da kowa ke sauri, domin tabon sikirin a hasken rana yake fitowa. Idan mace ce za ta aiki ƙaninta ko ɗanta, ta ba shi layinta ya gwada da shi.

Ka yanke shawarar abin da kake nema tun a gida. Wayar Android da RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take gudanar da manhajoji da ita, bai kai 4GB ba za ta riƙa tsayawa da zarar ka haɗa WhatsApp da Facebook da manhajar banki. Ma'ajiya kuma 64GB ce mafi ƙaranci, 128GB ta fi kwanciyar hankali ga mai guruf-guruf da yawa. Idan ka ga an rubuta 8GB+8GB a kwalin Tecno ko Infinix, takwas na farko ne RAM na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiya, ba ya sauri kamar na asali. Da irin wutar da muke samu, batir mai 5000mAh ya fi wa yawancinmu amfani a kan kyamara mai ido uku.

Masu son iPhone su riƙe abu biyu. Tun 2025 WhatsApp ba ya aiki a kan wadda babbar manhajarta, wato iOS, ba ta kai siga ta 15.1 ba, wato iPhone 5s da 6 da 6 Plus sun fita, komai arharsu. Sannan daga iPhone 14 zuwa sama, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sim, sai eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin wayar ba tare da kati ba. Idan ka ga irinta da ramin sim, to a wajen masu gyara aka fasa aka dasa mata, kuma ni ba zan saya ba.

Mataki na farko: wayar ta wane ce?

Danna *#06#. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayar da babu wata mai irinta. Mai sim biyu za ta nuna guda biyu. Ka gwada ta da wadda ke cikin Settings, wajen About, da ta jikin kwali idan akwai kwali. A wasu iPhone an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a jikin farantin sim. Idan suka saɓa, ko an canza wa wayar gida, ko kwalin ba nata ba ne, ko an taɓa lambar. Ka ajiye ta ka nemi wata.

A shafin nan na About za ka ga sunan wayar na gaskiya. Akwai iPhone XR da ake sa wa gidan 13 Pro ko 14 Pro, ta fito da ido uku a baya alhali ɗaya ne kawai ke aiki. Wasu 'yan kasuwa suna faɗa tun farko su sayar da ita a kuɗin da ya dace, wasu kuwa shiru suke yi.

Sai tambayar da ta fi nauyi a baki: daga ina ta fito? Ƙwacen waya ya yi yawa a garuruwanmu, kuma wayar da ake sayarwa a tsaye a bakin titi, babu kwali babu rasit, a rabin kuɗinta, tana iya zama wadda aka soki wani aka karɓa, ko aka ɗauke a gidan da 'yan bindiga suka shiga. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Ranar da ka sa layinka a wayar sata, sunanka ya hau kan IMEI ɗinta, kuma idan masu bincike suka biyo sawu, wanda ke riƙe da ita suke fara kamawa. Karɓar kayan sata laifi ne a doka. Ko da daga baya an gane ba ka da hannu, wayar ta tafi, kuɗin sun tafi, ga zubewar mutunci a unguwa. Ka saya a shagon da yake da mazauni, wanda gobe za ka dawo ka same shi. Idan a hannun mutum ne, ya zama wanda ka san gidansu, ko wanda wani da ka yarda da shi ya tsaya masa.

Mataki na biyu: makullai

A nan aka fi kwana ciki, domin waya tana iya yin kyau, tana kira, tana hoto, alhali a kulle take da sunan wani.

A iPhone, buɗe Settings ka dubi can sama. Idan akwai sunan mutum, asusunsa na iCloud yana ciki. Ka ce, "Alhaji, don Allah a cire asusun nan, a goge wayar gaba ɗaya a gabana." Bayan an goge za ta dawo kamar sabuwa tana gaisuwa da yaruka daban-daban. Ka sa layinka, ka haɗa ta da intanet, ka bi matakan da kanka har ka isa fuskar manhajoji. Idan a hanya ta nemi imel da kalmar sirrin mai ita na farko, wannan shi ne kullen da Apple ke kira Activation Lock, kuma babu mai gyaran da zai cire maka shi na dindindin. Abin da suke yi tsallake shi ne, kuma wayar da aka tsallake wa kulle takan ƙi karɓar sim, ko ta sake rufewa ranar da aka goge ta. Shi ya sa gogewar a gabanka take da muhimmanci: ita ke tona asirin wadda aka yi wa dabara. Idan ka ji "ai mai ita ya yi tafiya, zai turo lambar da daddare", ka bar kuɗinka a aljihu har daren ya yi.

Idan yayin saitin ta nuna Remote Management, wayar wani kamfani ce ko makaranta a ƙasar waje, kuma suna da iko da ita daga can. Haka kuma a cikin About akwai layin Carrier Lock. Abin da kake so ka gani a gabansa shi ne No SIM restrictions. In ba haka ba, an ɗaure ta da kamfanin sadarwa na wata ƙasa, tana aiki ne da wani siririn cif da ake liƙawa a bayan sim, wanda kan daina aiki ba sanarwa.

Android ma tana da irin kariyar nan ta Activation Lock tun daga siga ta 5.1. Mai sayarwa ya fara cire asusunsa na Google, da na Samsung idan Samsung ce, sannan a goge ta daga cikin Settings. Ka saita ta da intanet a buɗe, ka shigar da naka asusun a nan take.

Akwai wani kulle kuma da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, na wayoyin bashi. Kamfanonin da ke ba da waya a biya kaɗan-kaɗan suna sa mata manhajar da ke rufe ta idan aka daina biya, kuma gogewa ba ta cire ta. Wani zai karɓa, ya biya wata biyu, ya sayar. Sai bayan kwanaki ta rufe a hannunka da saƙon neman kuɗi. Ka nemi rasit na asali, ka duba cikin jerin manhajojin da ke da ikon gudanar da wayar ko akwai wadda ba ka sani ba kuma ta ƙi cirewa. Sabuwar waya fil da ake sayarwa ƙasa da kuɗin shago sosai, ita ce ta fi cancantar wannan tambaya.

Mataki na uku: jiki

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Kira wani ka ji ko yana jin ka, ka kunna lasifika, ka gwada kowane ramin sim, ka tabbata 4G na hawa a layin da kake amfani da shi a unguwarku. Danne wata manhaja ka ja ta ko'ina a fuskar wayar, har kusurwoyi; inda ta kuɓuce, nan tacin ya mutu. Buɗe farin hoto ka ƙure haske, ka nemi tabo ko inuwar tsohon rubutu. A yawancin Samsung, *#0*# na buɗe shafin gwajin launi da taci da jijjiga. Gwada kyamarar gaba da ta baya, da bidiyo mai sauti. Saita zanen yatsa ko Face ID, wato buɗe waya da fuska, da kanka, domin Face ID idan ya mutu gyaransa yana da wuya da tsada. Sa cajarka ka ɗan girgiza wayar cajar. Idan caji na yankewa, ko ƙurar hunturu ce ta cika bakin, ko ya lalace. Leƙa ramin sim da tocila: a iPhone da Samsung da yawa akwai ɗan farin ɗigo da ke komawa ja idan ruwa ya shiga.

Daga iPhone XR zuwa sama, wadda ke da iOS 15.2 ko sama da haka tana nuna tarihin gyaranta a About. Unknown Part yawanci na nufin an sa mata kayan da ba na Apple ba. Canza sikirin ko batir ba aibi ba ne idan an faɗa, amma dole ya rage kuɗi.

Mataki na huɗu: batir

A Battery Health na iPhone, abin da ya yi ƙasa da kashi 80 ya kai lokacin canji, sai ka cire kuɗin sabo daga cinikin. Amma kada lambar ta ruɗe ka. Tsohuwar waya mai shekara huɗu da ke nuna kashi 100, ko an canza batirin, ko an ɗaga lambar da na'ura. Gwajin da na fi yarda da shi, a kowace irin waya, shi ne ka kunna bidiyo na minti 15 da haske sosai, ka ga kashi nawa ya sauka, ka ji ko bayanta ya ɗau zafin da ya wuce misali. Ɗora ta a kan tebur kuma ka duba ko murfin baya ko sikirin ya ɗago. Batir mai kumburi haɗari ne, yana iya kama wuta.

Wayar da aka riƙe a nan ta fi bukatar wannan gwaji. Apple ta ce a yi amfani da wayarta a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura 40. Ga caji a wajen 'yan caji, da janareto, da cajar da ta samu, waya kan waya a cikin akwati. Batir ba ya daɗewa a haka.

Mataki na biyar: ciniki da rubutu

Sai ka gama duk wannan za ka taya, domin kowane aibin da ka gano hujja ce a hannunka. Ka zaga shago biyu ko uku tukuna ka ji kuɗin irinta. Idan da dillali, a san la'adarsa tun farko da wanda zai biya.

In an sallama, a rubuta rasit mai sunan shago da lambar wayarsa, da kwanan wata, da irin wayar, da kuɗin, da IMEI cikakkiya. Rasit da babu IMEI ba ya kare ka daga komai. A rubuta kwanakin gwaji da kuka amince, da abin da zai faru idan matsala ta fito: canji ne ko mayar da kuɗi. Idan a hannun mutum ka saya, ku rubuta 'yar takarda, ya sa hannu, a sami shaida ɗaya ko biyu. Babu rashin yarda a cikin wannan; ayar bashi da ke ƙarshen Suratul Baƙara ta yi umarni da a kafa shaida idan an yi ciniki. Biya ta tiransifa zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai shagon ko mai wayar ya fi tsabar kuɗi, domin yana barin sawu.

Bayan ka kai gida

Kwanakin gwajin nan na aiki ne, kada ka ajiye ta a kwali kana lallaɓawa. Ka cika ta da caji, ka yi amfani da ita yini guda kamar yadda ka saba, ka bar ta a kan intanet, ka sabunta manhajarta idan ta nema, domin wasu matsalolin sai bayan sabuntawa suke bayyana. Kada ka kai ta wajen mai gyara ya buɗe a cikin kwanakin, mai shago zai ce kai ka ɓata.

Rubuta IMEI a takarda ka ajiye tare da rasit a wurin da ba cikin wayar ba. Kunna Find My, manhajar gano waya idan ta ɓata, a iPhone, ko takwararta ta Google a Android. Sa wa wayar makulli, ka kuma sa wa sim ɗin kansa lambar sirri ta PIN, saboda ɓarawon da ya cire layinka ya sa a wata waya yana iya kaiwa ga asusun bankinka ta lambobin USSD, waɗanda ake dannawa a tura kuɗi ba tare da intanet ba. Ka kula wajen sa PIN ɗin: kuskure uku a jere na rufe layin, sai da lambar PUK da ke jikin katin da sim ya zo a ciki, don haka ka nemo katin nan kafin ka fara.