Yadda Ake Warware Lissafin Hanzari Marar Canzawa a Fiziks

Kafin ka taɓa kalkuleta, jera abubuwa biyar a gefen takarda: u gudun farko, v gudun ƙarshe, a hanzari (yawan sauyin gudu cikin kowane sakan), t lokaci, s tazara. Tambaya takan ba ka uku, ta nemi ɗaya. Sai ka zaɓi ƙa'idar da ba ta ƙunshi na biyar ɗin ba: v = u + at, ko s = ut + ½at², ko v² = u² + 2as.

Wani lokaci adadin a ɓoye yake cikin magana. "Ta tashi daga tsaye" na nufin u = 0, "ta tsaya cik" kuwa v = 0.

Ɗauki mota mai gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki, gudun na raguwa da mita 5 a sakan cikin kowane sakan. Ana neman tazarar da za ta ci kafin ta tsaya cik. Fara raba 72 da 3.6, ka samu mita 20 a sakan. Wanda ya tsallake wannan mataki ya riga ya ɓata. Ba a ba da lokaci ba, kuma ba a neme shi ba, don haka ƙa'ida ta uku ce ta dace: 0 = 400 + 2(−5)s, wato s = mita 40.

Alamar ragi ɗin nan ita ce ke kayar da ɗalibai. Zaɓi ɓangare ɗaya ya zama na ƙari, kada ka sauya har ƙarshe. Idan sama ka zaɓa, dutsen da aka jefa sama hanzarinsa −9.8 m/s² ne (m/s² na nufin mita a sakan cikin kowane sakan), yana hawa ko yana saukowa. Ko a ƙololuwa, inda gudunsa ya zama sifili, hanzarin na nan daram.