Yaushe Ake Sauya Tayar Mota a Ƙasar Waje?

Sabon zuwa da ya sayi mota ta hannu yakan duba inji da birki ya manta da tayoyi, alhali a Turai da Amurka doka tana sa musu ido ƙwarai, kuma ba a jiran taya ta fashe kafin a sauya ta. Abin da ake aunawa shi ne zurfin zanenta. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, mafi ƙarancin zurfin da aka yarda da shi milimita 1.6 ne. A Ingila, kowace taya da ta gaza hakan tana iya jawo tarar da ta kai fam 2,500 da makin laifi 3 a kan lasisi, wato tayoyi huɗu da suka suɗe maki 12 ke nan, waɗanda sun isa su sa a hana mutum tuƙi.

A cikin ramukan zanen akwai ƙananan tudun roba da masana'anta ta sa a matsayin alama, kuma da zarar zanen ya cinye har ya yi daidai da su, taya ta gama aiki. Shawarata ita ce kada a kai ga nan, a sauya tun zanen yana milimita 3, domin ramukan nan su ne ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya, idan kuwa suka yi ƙasa, motar takan yi sulɓi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, birki da sitiyari su ƙi yin biyayya.

Tsufa ma yana kashe taya ko da zanenta na nan daram, saboda roba tana bushewa ta tsattsage. A gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta kai shekara 10 a cire ta, har da safaya.

Ƙusa da ta shiga tsakiyar zane ana iya yi mata faci daga ciki, muddin ramin bai wuce milimita 6 ba. Amma kumburi ko yanka a gefen taya ba shi da magani, domin zaren da ke riƙe da ita ne ya tsinke, kuma tana iya fashewa ana tsakiyar gudu. Kada a roƙi makaniki ya lallaɓa irin wannan.

Idan za a sauya, a sayi guda biyu iri ɗaya, masu girman da aka rubuta a littafin motar, a ɗaura sababbin a baya ko da motar da ƙafafun gaba take ja, domin idan bayan mota ya zame a kwana, da wuya direba ya iya dawo da ita. A sa gareji ya duba saitin ƙafafu, musamman idan tsohuwar tayar gefe ɗaya ta cinye, sannan a sake ɗaure notuna bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Wanda ya sauka a ƙasar sanyi yana da ƙarin aiki, domin robar tayar bazara takan ƙage idan ma'aunin zafi ya yi ƙasa da digiri 7 na Celsius. A Jamus tilas ne a sa tayar hunturu duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara, a lardin Quebec na Kanada kuwa wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.