Kafin ka kwance kafireta, gwada filogi

Idan tsohuwar Land Rover ɗinka ta sojoji tana karkarwa, kada ka yi gaggawar kwance kafireta.

Tayar da injin, ka bar shi a silo. Ɗauki filaya mai hannun roba, ka zare wayar filogi ɗaya, ka saurara, ka mayar. Haka har silinda huɗun.

Silindar da ke aiki, da ka zare wayarta injin zai ƙara shaƙewa. Wadda ka zare bai canza murya ba, ita ce matacciyar.

Sai ka musanya filoginta da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi filogin, ka huta, kuɗi kaɗan ne. In ya tsaya nan, duba wayar, sannan bawul ko ringi. Na ga mutane da yawa sun sayi kafireta a banza, abin yana ba ni takaici.

Amma in duk huɗun sun amsa daidai, koma kan fetur da distiributa, wato mai raba wa filogi wuta.

Kuma Land Rover masu wutar lantarki volt 24 da aka ƙera don rediyon soja, wayoyin filoginsu a ɗaure suke cikin sulken ƙarfe. Kada ka taɓa su injin yana aiki.